Shirin kwamfuta mai buga kansa da haruffa a juye

Masu rubuta shirye-shiryen kwamfuta suna da wani tsohon wasan ƙwaƙwalwa: a rubuta shirin da, idan aka kunna shi, zai buga rubutunsa harafi da harafi ba tare da ya buɗe fayil ɗinsa ya kwafa ba. Douglas Hofstadter ne ya laƙaba masa sunan masanin falsafa Willard Quine a 1979, kuma ka'idar da Stephen Kleene ya tabbatar a 1938 ta nuna cewa kowane cikakken harshen shirye-shirye yana iya yin hakan. Nau'in da ya fi jan hankalina shi ne wanda aka ƙara wa sharaɗi guda, wato kowane ƙaramin harafi ya fito babba, babba kuma ya fito ƙarami.

Ga amsa a harshen Python:

s='s=%r;print((s%%s).swapcase())';print((s%s).swapcase())

Shirin kashi biyu ne. Na farko ajiya ce, hoton shirin da aka adana cikin s, aka bar gurbi a wurin %r. Na biyu umarni ne, wanda yake cusa ajiyar cikin gurbinta, ya juya haruffan, sannan ya buga. Daɗin wasan duka yana cikin wannan jerin, domin duk wanda ya yi gaggawar juya haruffa kafin ya cike gurbin, %r ɗinsa zai koma %R, alamar da Python bai sani ba, nan take shirin ya tsaya da kuskure. Dole shiri ya gama harhaɗa kansa tukuna kafin ya taɓa kamanninsa.

Idan harshen ba shi da umarnin juyawa, sai a koma ga lambobi. A tsarin ASCII, wanda kwamfuta ke ba kowane harafi lamba da shi, babban A lambarsa 65 ce, ƙaramin a kuwa 97, kuma tazarar 32 ɗin nan ita ce tsakanin babba da ƙarami a dukkan haruffan Ingilishi 26, don haka sauya bit ɗaya tak (ɗaya daga cikin sifili ko ɗaya da kwamfuta ke rubuta lamba da su) ya wadatar. Sai dai a yi hattara, domin idan aka yi wa kowace alama haka babu tantancewa, filin da ke tsakanin kalmomi, mai lamba 32, zai koma sifili. A Unicode kuwa, tsarin da ya haɗa haruffan harsunan duniya, dabarar ba ta kai ko'ina ba: tsakanin Ƙ da ƙ lamba ɗaya ce kawai, harafin ß na Jamusanci kuma yana komawa SS, ta yadda juyi na biyu ba ya maido da asali.

Akwai masu zamewa ta hanyar zaɓar harshen da alamomi zalla ake rubuta shi da su, inda babu harafin da za a juya. A ganina wannan gudun tambaya ne, kuma ya kamata sharaɗin ya tilasta amfani da haruffa.

Mataki mafi wuya shi ne a ce abin da aka buga shi ma ya yi aiki, ya maido da shirin farko. Python ba zai yarda da amsarmu ta sama ba, tunda PRINT baƙo ne a wurinsa. Harsuna irin su Pascal da Fortran, waɗanda ba sa bambanta babba da ƙarami a cikin umarni, sun buɗe ƙofar, amma a cikin ajiya bambancin yana nan daram, kuma a nan ne mai rubutu zai yi gumi.