Daren da na sa ɗan yayata a sikwad

Daren wata Juma'a ne, an ɗauke wuta tun la'asar, wayar ɗaya daga cikin abokan wasanmu ta mutu. Sikwad a Free Fire, wasan harbi na waya, kuwa ƙungiyar mutum huɗu ce. Sai na miƙa wa ɗan yayata tsohuwar Tecno ɗina. Yaro ne ɗan shekara 14 da ya zo mana hutu daga Gusau, kallo kawai yake yi ta bayan kafaɗata, bai taɓa riƙe wasan ba.

Mutum 50 ake zubowa daga jirgi a tsibirin Bermuda na cikin wasan. Mu uku muka dira wani wuri da ake kira Clock Tower, shi kuwa ya makara, ya sauka can wani daji shi kaɗai. Kafin ya iso an kayar da shi sau ɗaya, na je na tashe shi, aka sake kayar da shi a fili saboda bai san ana dasa katangar kariya da ake kira gilu a fake a bayanta ba. Nan abokina ya buɗe makirufo: “Wai wane bot ne wannan kuka kwaso mana? Ka je ka buga ludo mana!” Bot shi ne ɗan wasan da kwamfuta ke sarrafawa. Ya ƙara da wata ashar da ba zan rubuta ba.

Yaron bai ce uffan ba. A zagaye na gaba ya shige wani gida ya tsuguna a lungu, har da'irar da ke rage filin wasan ta matse ta cinye shi. Da na tambaye shi dalili, sai ya ce, “Kawu, kar in sake ɓata muku wasa.”

Abin ya tsaya mini a rai, domin ni ma da na fara a 2019 na fi mako guda ban san ana jin takun abokin gaba ta iyafis ba. Wani ɗan Maraɗi da muka haɗu a wasan, wanda har yau ban san fuskarsa ba, shi ya ce mini, “Malam, sa abin kunne, ka daina gudu a fili.” Bai ɗauke shi minti ɗaya ba. Yawancin abin da muke zagin sabon shiga a kai irin wannan ne, abu ne da ba wanda ya taɓa gaya masa. Wani ma ba laifin hannunsa ba ne, netwok ne ke riƙe shi, yana harbi inda mutum ya riga ya bari. Mu da muka san yadda data ke tsada ai bai kamata mu manta da wannan ba.

Ban ce abokina mugu ba ne. Wasan minti goma ne, jini na hawa, ni ma na sha yin tsaki. Amma washegari na kira shi na ce yaron nan ɗan yayata ne. Ya yi shiru, ya ce ai bai sani ba. Na ce to da ɗan wani ne fa?

Da yamma muka zauna a tabarma ni da yaron, muka shiga filin atisaye. Abu biyu kacal na nuna masa: dasa gilu da zarar an fara harbinsa, da bin bayana. Kwana uku bayan nan aka kayar da abokin nawa a wani wuri da ake kira Peak, yaron ya dasa katanga a karkace, ya tashe shi. Abokina ya ce, “Yauwa ƙanina!” Ba mu ci Booyah, wato zama na ɗaya, ba, mu ne na shida.