Ranar da na haɗu da kifin shak, da kurakuran da na tafka tun kafin in gan shi

Ƙannena masu shirin zuwa hutu bakin teku, musamman ku da kuke ganin bidiyon mutane kwance a saman ruwa da gilashi a fuska da bututun numfashi a baki suna kallon kifaye, ku ɗan saurare ni, don ni wallahi na sha ruwan gishiri a Maldibs, ƙasar tsibirai da ke tekun Indiya, har sai da na yi amai, kuma duk abin da ya same ni a ranar ni na janyo wa kaina.

Kwananmu biyu da sauka a tsibirin, da safe mai kula da masu shiga ruwa ya tara mu yana mana bayani, ni kuma hankalina na kan waya ina ta ɗaukan hoto, abin da kunnena ya tsinta kawai shi ne kar mutum ya shiga shi kaɗai kuma kar a wuce inda aka sa alama. Ya miƙo min rigar da ke hana nitsewa na ce masa ya bar ta, ai na iya ruwa. To na iya ɗin, amma iyon tafkin otal ne, ruwa a tsaye, bango na kusa da kai duk inda ka juya. Bututun nan kuwa ban taɓa sa shi a baki ba sai ranar, kuma ko minti biyar ban tsaya a inda ƙafa ke taɓa ƙasa ba don in saba da shi. Wannan kuskuren shi ya fi min ciwo har yau, domin abu ne mai sauƙi ƙwarai, in ruwa ya shiga bututun sai ka hura da ƙarfi sau ɗaya ya fice, shi ke nan, amma wanda bai taɓa gwadawa ba abin da zai yi shi ne ya ja numfashi, sai ya ja ruwa.

Gab da magariba abokin tafiyata ya ce ya gaji, na ce to ni bari in ɗan zaga in dawo. Ni kaɗai, ba riga, ga agogon ƙarfe yana ta walƙiya a hannuna. Na bi saman murjani ina kallon ƙananan kifaye masu launi, ban ankara ba sai na ga ƙasa ta ƙare, ta gangare can ƙasa ruwan ya koma shuɗi mai duhu, kuma daga cikin duhun nan ya fito. Ruwan toka ne, cikinsa fari, bakin fiffiken bayansa baƙi ƙirin kamar an tsoma shi a tawada, yana tafe a hankali yana kaɗa jela hagu da dama, ko gaggawa ba ya yi. A idona a lokacin ya fi ni girma nesa ba kusa ba. Sai daga baya na san cewa gilashin fuska a cikin ruwa yana ƙara wa abu girma da kusan kashi ɗaya cikin uku kuma yana matso da shi kusa, kuma irin wannan mai baƙin fiffiken da ke zama a bakin murjani yawanci ko mita 2 ba ya kaiwa, mai gudun mutane ne ma.

Abin da na yi shi ne duk abin da aka ce kar a yi. Na ɗago kai da sauri, na yi ƙoƙarin ihu da bututu a baki, ruwa ya shige min maƙogwaro, na fizge gilashin na yar, na juya masa baya ina ta dukan ruwa da hannu da ƙafa, ashe duk wannan lokacin ruwa na jana gefe zuwa wata mashiga tsakanin duwatsun murjani inda teku ke fita da ƙarfi, ina iyo ina iyo amma tsibirin ƙara nisa yake yi. Na cafki wani dutsen murjani ya yanke min tafin hannu da gwiwa. Allah ne ya kawo wani mai ƙaramin jirgi da ke dawowa ya hango ni ya ja ni ciki. Shak ɗin kuwa tun ɗagowar kaina ta farko ban sake ganinsa ba.

Da daddare na zauna da mutumin nan da na ƙi saurara da safe, bai min faɗa ba, ya dai warware min komai. Shak na da wani layi a gefen jikinsa da ke jin motsin ruwa daga nesa, kuma dukan ruwa irin wanda na yi kama yake da motsin kifin da ya ji rauni, wato da kaina nake kiransa. A hancinsa kuma akwai wasu ƙananan ramuka da ke jin ɗan lantarkin da jikin mai rai ke fitarwa, waɗanda wani Ba'italiye Lorenzini ya yi bayaninsu tun 1678. Agogo ko sarƙa mai ƙyalli kamar ɓawon kifi yake a idonsa, kuma asuba da magariba lokaci ne da da yawansu ke farauta, ga haske ya ragu, to a nan ake samun kuskuren cizo. In kun gan shi ku natsu, ku sa masa ido, hannuwanku a jikinku, ku dinga numfashi a hankali kuna ja da baya, kar ku tare masa hanya, kar ku bi shi don hoto, kuma don Allah kar ku taɓa shi ko da kun gan shi kwance a ƙasa kamar mai barci.

Ba cewa nake ba ya cizo ba fa. Nau'in shak ya haura 500, kuma uku ne aka fi sani da munanan hare-hare, wanda ake kira babban farin shak, da mai zane irin na damisa, da wanda ake kira bijimi mai iya shiga har cikin kogi. A Disambar 2010 an yi jerin hare-hare a Sharm el-Sheikh ta Masar, har wata Bajamushiya ta rasu. Amma masu tattara alƙaluman nan a gidan tarihi na Florida ta Amurka sun ƙirga cizo 69 na ba gaira ba dalili a duniya baki ɗaya a 2023, mutum 10 suka mutu, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nitsewa a ruwa na cin ran mutum kusan 300,000 a shekara. Ni a layin nitsewar nan na kusa shiga. Shawarata ɗaya kuma, ku guji yawon da ake zuba wa shak abinci don a tara su a yi hoto, ni dai ban yarda da shi ba, dabbar da aka koya wa cewa inda mutum yake nan abinci yake ba a san ranar da za ta yi kuskure ba.

Sai da hannuna ya ɗan kame, kwana uku bayan nan, na koma da hantsi rana ta haska ruwa tas, da riga a jikina, ba agogo, abokina a gefe, mutumin nan a gaba, bayan na yi kusan rabin awa a bakin gaɓa ina cika bututu da ruwa da gangan ina hurewa. Shak na da yawa a can, don ƙasar ta haramta kama su a 2010, saboda haka ba mu jima ba mutumin ya juyo ya kafa tafin hannunsa a tsaye a kan goshi, alamarsu ke nan ta shak. Guda biyu ne, masu baƙin fiffike. Gabana ya faɗi sosai, ina jin ƙarar numfashina a cikin bututu, amma na harɗe hannuwana a ƙirji na zuba musu ido, suka wuce ta ƙarƙashinmu ɗaya na bin ɗaya, har na ga tsagogi biyar na gefen kansu da suke numfashi da su suna buɗewa suna rufewa, suka bi gefen murjani suka ɓace.