Abin da distiributa ta koya mini a garejin Gusau

A makon nan zan kwashe akwatin sifanonina in bar garejin da na yi shekara 6 a cikinsa, kuma da yaran da za su gaje ni suka nemi in bar musu shawara, abin da ya fara faɗo mini shi ne wata tsohuwar bas ƙirar Toyota Hiace mai jigila tsakanin Gusau da Ƙauran Namoda.

Ina shekarata ta biyu aka kawo ta tana yoyon baƙin mai. Maigida da kansa ya zare distiributar, wato na'urar da ke rarraba wa fulogogi wuta bi da bi, bai yi mata alama ba, bai duba inda rota, ɗan hannun da ke juyawa a cikinta, ke kallo ba, kuma daga baya aka yi ta juya injin ana binciken wani abu daban. Da la'asar ya miƙo mini ita in mayar, ya tafi gaisuwar rasuwa. Iyakar abin da na taɓa ji daga bakinsa shi ne a kawo tsagar fuli, wato faifan da ke juya bel a gaban inji, daidai da alamar jikin inji, a sa rota ta fuskanci wayar fulogi na ɗaya. Haka na yi, na jera wayoyin 1-3-4-2, ina jin na zama gwani. Direba ya murɗa makulli sau biyu motar ta ƙi tashi, a na uku kafireta ta yi aman wuta da ƙara kamar ta bindiga. Da yake injin Hiace a ƙarƙashin kujerar gaba yake, kuma mun bar shi a buɗe, wutar ta lashe hannun rigarsa.

Da maigida ya dawo, a gaban direba da fasinjojin da ke jira ya ce, “Kai yaro, wa ya ce ka taɓa motar mutane?” Na yi shiru. Kuɗin abincina na mako guda aka yanke aka biya rigar.

Wani dattijo mai gyaran wutar mota a rumfar da ke kusa da mu ne ya kira ni bayan Magariba. Ya ce, “Ɗana, cire fulogi na ɗaya, ka toshe ramin da babban yatsanka.” Ya juya injin da hannu a hankali har na ji iska tana ture yatsan, sannan ya kawo tsagar kan alama. A nan na gane cewa sai fuli ya zagaya sau biyu distiributa ke zagayawa sau ɗaya, saboda haka tsagar takan haɗu da alamar sau biyu. A ɗaya fistin na farko ya matse iska da fetur, bawul duka a rufe. A ɗayan hayaƙi ya gama korawa, bawul na shigar mai ya fara buɗewa, fistin na huɗu ne ke jiran wuta. Ni a wannan na biyun na dasa distiributar, tartsatsi ya tarar da ƙofa a buɗe ya bi ta kafireta. Bayanin bai ci minti 10 ba, kuma har yau ina mamakin abin da ya hana a yi mini shi cikin shekara biyu.

Dattijon ya kuma nuna mini cewa haƙoran giyar da ke ƙasan distiributa a karkace suke, don haka rota kan juya kaɗan yayin da distiributa ke nutsewa, dole a soma da ita daga baya. Harshen da ke ƙasanta kuma sai ya faɗa tsagar famfon baƙin mai. Idan ta ƙi zama daram, a ɗaga a sake, kada a janyo ta da ƙarfin noti.

Sauran na tsince su a hanya. Taimin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta, idan ya yi gaba yakan sa inji ƙwanƙwasa a hawa, wanda ya yi baya kuma yakan kawo zafi da rashin ƙarfi. Ba na zare distiributa sai na yi alama biyu da fenti, ɗaya a gindinta, ɗaya inda rota ke kallo.

Maigida har yanzu yakan ba baƙi labarin ranar da na kusa ƙone bas, kuma bai taɓa ambaton wanda ya zare distiributar ba. Jiya ma ya maimaita, aka yi dariya, ni ina gefe ina nuna wa ƙaramin yaronmu yadda ake ɗora yatsa a ramin fulogi.