Yadda nake lissafin kan sarkin wasiƙa kafin in kai ta gidan waya

Aika takardun ofishinmu ta gidan waya yana cikin aikina a nan Kaduna, kuma tambayar da abokan aiki suka fi yi mini ita ce, "Malam, wannan ambulan ɗin kan sarki nawa zai ci?" Amsar da nake ba su ita ce mu fara sanin kuɗin tukuna. Ma'aikacin gidan waya kuɗin da aka buga a jikin kowane kan sarki yake tarawa, ya gani ko ya kai abin da wasiƙar za ta biya. Guda ɗaya na naira 100 daidai yake da biyu na naira 50. Shi kuma kuɗin abu uku ne ke yanke shi: nauyin ambulan bayan an rufe shi, inda za shi, da irin aikan da ake so, wato na gama-gari ko na rajista ko na gaggawa.

Nauyi shi ne inda aka fi yin tuntuɓe. Ana biyan wasiƙa ne mataki-mataki, kuma matakin farko da aka saba da shi giram 20 ne. Tsarin da Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya ta shimfiɗa, wadda aka kafa a birnin Ban na Suwizalan a 1874, yana hawa daga giram 20 zuwa 100, zuwa 250, zuwa 500, zuwa kilo ɗaya, ya tsaya a kilo biyu. Wasu ƙasashe suna sa matakin giram 50 a tsakani. Abin da ya wuce kilo biyu ya fita daga sahun wasiƙa, ya koma ƙunshin kaya mai nasa lissafin. Matakin ba ya sassauci: ambulan mai giram 21 kuɗin mataki na biyu zai biya cif, daidai da wanda ya kusa cika matakin.

Ko babu sikeli a kusa, ina iya ƙiyasta nauyi daga takardar kanta. A jikin kwalin takardar firinta za ka ga an rubuta 80 ko 75 ko 70, wato nauyin murabba'in mita ɗaya na wannan takarda a giram. Falle 16 na A4 ne ke yin murabba'in mita ɗaya, saboda haka sai ka raba lambar gida 16. Mai 80 falle ɗaya giram 5 ne. Mai 70 giram 4 ne da ɗan ɗoriya, wajen 4.4. Takarda mai kauri irin ta satifiket, in mai 200 ce, falle ɗaya giram 12.5 ne, wato ita kaɗai ta cinye fiye da rabin matakin farko. Fulsikaf ya fi A4 tsawo, don haka ya ɗara ta nauyi kaɗan.

Sai shi ambulan ɗin, wanda mutane suke mantawa cewa shi ma ana auna shi. Dogon farin nan da ake ninka takarda uku a sa a ciki, mai santimita 11 da 22, yana kai giram 4 zuwa 5. Matsakaicin da ake ninka A4 biyu yana kai 7 zuwa 8. Babban ruwan ƙasan da A4 ke shiga a miƙe yakan kai giram 15 ko fiye, gwargwadon kaurinsa. Ka ga ke nan falle uku na mai 80 a cikin dogon ambulan sun kai giram 19 zuwa 20, suna bakin iyaka. Ka ƙara fil ɗin maƙale takarda da hoton fasfo biyu, ka haye. Shi kuwa babban ambulan, falle biyu kawai ka sa a ciki ya riga ya bar matakin farko. Don haka wasiƙar da ba ta wuce shafi biyu ko uku ba, in dai ba takardar da ninki zai ɓata ba ce, ninke ta nake yi in sa a dogon.

Ga irin lissafin da nake yawan yi wa masu neman aiki ko gurbin karatu. Wasiƙar nema falle ɗaya, takardar tarihin karatu da aiki falle biyu, fotokofin takardun shaida falle shida. Tara ke nan, giram 45. Babban ambulan 16, ya zama 61. Fil da hotuna, a ce 63. Idan mataki na gaba a jadawalin giram 100 ne, akwai sauran wurin falle bakwai ba tare da an ƙara ko kwabo ba, kuma babu dalilin cire wata takarda da sunan rage kuɗi. Inda dabara take da amfani shi ne a bakin mataki. Ambulan mai giram 103 yana bukatar a rage masa falle ɗaya ne kawai, ko a buga shafi biyu gaba da baya, ko a cire babban fil na ƙarfe. Raba kaya gida biyu kuwa galibi hasara ce, domin kowane ambulan zai biya nasa matakin farko, kuma matakin farko shi ya fi tsada idan aka kwatanta da nauyin da yake ɗauka.

Ƙiyasi na shiri ne kawai. Ina da ƙaramin sikelin kicin na lantarki mai nuna giram ɗaya-ɗaya, kuma nakan gwada gaskiyarsa da falle 20 na takarda mai 80, wanda ya kamata ya nuna giram 100. Sikelin kasuwa mai allura, irin na masu nama ko kifi, ba ya jin bambancin giram 18 da 24, kada ma a wahalar da kai. A auna ambulan bayan an sa komai an rufe, a kan tebur mai lafiya, a kashe fanka, domin iskarta tana motsa lambar. Idan awona ya nuna 19 ko 20, ina ɗaukar cewa na haye, saboda sikeli biyu ba sa cika yarda da juna a kan giram ɗaya, ga shi takarda tana shan raɓa da damina ta ɗan ƙara nauyi. Sikelin kantar gidan waya shi ne alƙali.

Farashi kuwa hukumar gidan waya ta ƙasa, NIPOST, ce ke yanke shi, kuma yana sauyawa, saboda haka ba na aiki da abin da na haddace bara. Idan na shiga babban gidan waya na titin Yakubu Gowon, nakan miƙa ambulan in faɗi komai a jimla ɗaya: "Hajiya, a taimaka a ɗora min wannan a sikeli, Jidda za shi, da rajista." Ambaton inda za shi yana da muhimmanci, domin ana raba ƙasashen waje shiyya-shiyya, kuma ba lallai kuɗin Yamai ya zo ɗaya da na Jidda ko Landan ba. Rajista kuɗi ne na daban da ake ɗorawa a kan kuɗin nauyi, ba ta maye gurbinsa. Za a ba ka rasit mai lamba mai gurbi 13, haruffa biyu a farko, lambobi tara, sannan NG a ƙarshe. Ta rajista da R take farawa, ta EMS, wato aikan gaggawa, da E. Shi EMS jadawalinsa daban ne gaba ɗaya, a kanta ake biya, lissafin kan sarki bai shafe shi ba. Idan kuma akwai wani abu a ambulan ɗin ƙasar waje da ba takarda ba, sai an cike fom ɗin kwastan.

Wani abu da ke ruɗa matasa shi ne neman amsa a intanet. Yawancin abin da zai fito na Amurka ne, inda ake auna wasiƙa da oza, wajen giram 28, kuma tun 2007 suke da kan sarkin da ba a rubuta kuɗi a jikinsa, guda ɗaya yana ɗaukar wasiƙar matakin farko kome sauyin farashi. A can maganar "manna ɗaya, in ta yi nauyi ka ƙara" tana da ma'ana. Namu kuɗi ne a rubuce, sai an tara.

Bayan an san kuɗin sai a zo haɗawa. Alƙaluman da zan kawo yanzu na koyon lissafi ne kawai, ba farashi ba ne. Mu ƙaddara a kanta akwai na naira 100 da 50 da 20. In an ce naira 370, sai a fara da manya: uku na 100, ɗaya na 50, ɗaya na 20, guda biyar ke nan. Amma farawa da manya ba kullum take fitar da mutum ba. A naira 260, in ka ɗauki biyu na 100 da ɗaya na 50, saura naira 10 wadda babu kan sarkinta. Ka ajiye na 50 ɗin, ka ɗauki uku na 20, ta fita daidai. A naira 330 kuwa, daidai-wa-daida tana bukatar guda bakwai: biyu na 100, ɗaya na 50, huɗu na 20. Ni a nan uku na 100 da biyu na 20 nake mannawa, naira 340, in bar naira 10 ta tafi. Rarar ba a mayar da ita, amma ba ta tsayar da wasiƙa. Giɓi shi ke tsayar da ita: ko a mayar wa mai aikawa, in ya rubuta adireshinsa, ko a buga mata alamar bashi a nemi cikon a hannun wanda aka aika wa. A wasiƙun ƙasashen waje harafin T ake bugawa. Takardar neman aiki da ta isa da bashi a kanta ba ta yi sallama mai kyau ba.

Yawan kan sarki yana kawo matsalar wuri, musamman idan manyan sun ƙare a kanta aka haɗa maka da ƙanana. Shi ya sa nake rubuta adireshin wanda za a kai wa daga tsakiya zuwa ƙasa, nawa kuma a kusurwar hagu ta sama da ƙananan baƙaƙe, in bar dama ta sama fili, kamar santimita 4 daga baki. A jera su gefe da gefe. Kada wani ya hau kan wani, domin dole a ga kuɗin kowanne kuma hatimi ya taɓa kowanne. Wanda aka rufe kuɗinsa ana iya ƙin lissafa shi. Idan na san kuɗin zai yi yawa, tun farko nake zaɓar ambulan mai faɗi, tare da sanin cewa ya ƙara nauyi.

Da hunturu gam ɗin bayan kan sarki yakan bushe ya ƙi kamawa, gefensa ya ɗaga. Ɗan gam na ruwa ko na sanda a bayansa ya isa. Salatif a samansa kuskure ne babba, saboda tawadar hatimi ba ta zama a kan roba, kuma ana iya ɗaukarsa a matsayin yunƙurin sake amfani da shi. Da damina kuma matsalar juyawa take yi, su manne da juna a cikin aljihun tebur. Ina ajiye nawa a ambulan na daban da farar takarda tsakanin falle da falle. Wanda hatimi ya riga ya taɓa ya gama aiki, sake manna shi laifi ne. Na wata ƙasa ba ya aiki daga Kaduna, namu ma ba ya aiki daga can. Wannan ya shafi masu sa ambulan ɗin amsa a cikin wasiƙa: a cikin Nijeriya dabara ce mai kyau, sai dai a lissafa nauyinsa a cikin na tafiya, a kuma manna masa nasa kuɗin na dawowa. Ga wanda yake ƙasar waje, kan sarkinmu ba zai amfane shi ba.

Idan wasiƙun da yawa ne iri ɗaya, kamar katin ɗaurin aure ko takardar gayyatar taron ƙungiya, nakan haɗa guda ɗaya cikakkiya in auna, sannan in auna goma tare in raba gida goma, domin katin da aka yi wa ado ba ya zuwa da nauyi ɗaya. Idan matsakaicin ya kusa bakin mataki, kowanne sai an auna shi shi kaɗai. Daga nan sai ninkawa: ambulan 40, kowanne biyu na 100 da ɗaya na 50, ana bukatar 80 na naira 100 da 40 na naira 50. Nakan ware na ƙasashen waje da na rajista a ɗauri daban tun daga ofis, in rubuta nauyin kowanne da fensir a bayansa. Kafin in sayi tarin kan sarki kuma nakan tambaya a kanta ko za a karɓi kuɗin a dunƙule a buga wa ambulan ɗin alamar biya, wanda yake sauƙaƙa aikin manne-manne idan sun haura hamsin.