Zoben Helsinki a Fadamar Baturiya

Yau wata biyu ke nan, amma duk sanda na buɗe wayata na ci karo da hoton nan sai raina ya sosu. Hoto ɗaya tak: baƙar ƙafar tsuntsu, babban yatsana a gefe, da zoben ƙarfe mai lambobi uku a fili. Sauran lambobin suna ta inda zoben ya lanƙwasa, kuma tsuntsun ya tafi da abinsa.

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye kusa da Baturiya, cikin Kiri Kasamma, kuma gidanmu gidan masunta ne. Shekara huɗu ina bin masu ƙirgen tsuntsayen ruwa da ake yi duk watan Janairu a fadamar Hadejia da Nguru. Ƙirgen bana ya tafi lafiya lau. Kwana uku bayan an gama, da sanyin safiya, hazo ya lulluɓe ruwa, Kawu ya aiko yaro a guje wai in zo in ga abin da mamarinsa ya kamo.

Tun daga nesa na gane shi. Cikinsa fari fat, bayansa ruwan toka, kansa da ɗigon baƙi, baki kuwa ja jawur mai kauri kamar tattasai. Fukafukansa in ya buɗe sun haura mita ɗaya. Shi ne mafi girma a dangin tsuntsayen nan masu shawagi a saman ruwa su faɗo da ka su cafki kifi. Masana da sunan Tekun Kasfiya suke kiransa, shi ya sa a takardata nake rubuta shi "ɗan Kasfiya". Ya faɗo ne kan wata 'yar kawara da ta maƙale a ƙugiya, ƙugiyar ta kama shi a gefen baki.

Kawu har ya fito da wuƙa. Na ce, "Kawu, don girman Allah ka bar mini shi, ko nawa ne zan biya." Ya dube ni ya ce, "Haba ɗan nan, ni da kai har da ciniki? Ɗauki abinka, amma ka sayo mini ƙugiya." Ina juya tsuntsun sai na ga zoben, kuma kalmar farko da idona ya faɗa a kai ita ce Helsinki, babban birnin ƙasar Finlan. Jikina ya ɗauki rawa. Shekara huɗu ina jin labarin tsuntsaye masu zobe a bakin manyanmu, ban taɓa riƙe ko ɗaya ba.

A nan na yi ɓarnar. Yara sun zagaye mu suna ihu, tsuntsun ya sare ni a hannu har jini na zuba, yana haki da baki buɗe, ni kuma tsoro ya kama ni kada ya mutu a hannuna. Na ɗauki hoto ɗaya. Na juya zoben, na karanta lambar sau biyu a zuci, na ce ai na riƙe. Muka cire ƙugiyar, na sake shi. Ya yi wani kuka mai kaushi irin na zalɓe, ya nufi gabas, yara na tafi, ni ma ina jin na yi abin kirki.

Biro yana aljihun rigata. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai. Ba sai na je nema ba, yana nan a ƙirjina, kuma bayan hannuna ma ya isa takarda. Kafin in isa gida lambobi biyu sun rikice mini, ban san wadda ke gaba ba, wata kuma na kasa tuna ko 3 ce ko 8.

Duk da haka na tura hoton da abin da na tuna ga wani babbanmu a harkar ƙirge, shi kuma ya aika wa cibiyar sanya zobe da ke gidan adana halittu na Helsinki. Sun amsa cikin mutunci, sun yi godiya, amma suka ce sai da cikakkiyar lamba. Gaskiyarsu ce. A Finlan tun 1913 ake sanya wa tsuntsaye zobe, kowane da lambarsa, lambobi uku ba za su ware guda ɗaya ba. Da na rubuta ta daidai, da yau na san tsibirin da aka ƙyanƙyashe shi, da shekarar, da yawan ƙetaren Sahara da ya yi. Su ma da sun san cewa nasu ya iso Jigawa da rai bayan tafiyar sama da kilomita 5,000.

Wani zai ce don tsuntsu ɗaya? To, waɗannan ba su da yawa. A duniya baki ɗaya ba a sa irinsa cikin masu shirin ƙarewa ba, don yana nan a Amurka da Ostireliya da gaɓar Afirka. Amma na Tekun Baltik, masu hayayyafa a Finlan da Siwidin da Istoniya, labarinsu daban ne. A farkon shekarun 1970 ma'auratansu sun haura 2,000, zuwa farkon shekarun 1990 sun dawo wajen 1,500. Ba sa sheƙa a itace. A ƙasa suke zuba ƙwai, ɗaya zuwa uku, a kan ƙananan tsibirai marasa inuwa, don haka duk abin da ya iya hawa tsibirin ya samu abinci a ɓagas. Akwai wata 'yar dabba mai iyo, mink, wadda aka kawo daga Amurka ana kiwonta don fatarta, ta kuɓuce ta bazu a gaɓar tekun, tana cinye ƙwai da 'ya'ya. Gaggafar teku ma, da ta kusa ƙarewa saboda gubar magungunan ƙwari sannan ta farfaɗo, yanzu tana kai musu farmaki.

Rabin matsalar kuma a wajenmu take. Da sanyi ya shiga can, mafi yawansu Afirka ta Yamma suke yowa, musamman fadamun Kogin Kwara a Mali, inda ake kama su ana ci. Shekarun da suka ragu su ne shekarun farin da iyayenmu ke ba da labari, na 1973 da na 1984. In ruwa ya janye, kifi da masunta da tsuntsaye duk wuri guda suke taruwa. Mu nan ma mun san haka. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, sannan ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadamar nan ba ta koma yadda take ba, kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa. Ba na ganin laifin Kawu ko kaɗan. Mutumin da ke da baki goma a gida, in nama ya faɗo masa daga sama, me zai yi?

Wani abu da na karanta daga baya ya ƙara mini ciwo. A wani bincike da aka wallafa a 2022, an ɗaura wa iyalan wannan tsuntsu na'urar bin sawu, aka gano cewa galibi uba ne ke rako ɗa a tafiyarsa ta farko, kuma hanyar da ya nuna masa ita ɗan ke bi daga baya. Wanda na riƙe, ko uba ne da ɗansa ke jira a wani kududdufi, ko kuwa tsoho ne da ya daɗe yana zuwa mana baƙunta, don sukan haura shekara 20? Amsar tana jikin zoben. Ta zauna a tafin hannuna, na sake ta.

In Allah ya sa wani ya faɗo hannunka, ka cire hularka ka rufe masa kai, zai natsu, ba zai sare ka ba, gaggawar da ta ruɗe ni ma ba za ta taso ba. Ka rubuta lambar da biro tun kafin ka taɓa waya, har da haruffan da ke gabanta, ka karanta wa wani da ƙarfi yana dubawa. Sannan ka ɗauki hoto kana juya zoben, huɗu ko biyar, ba ɗaya ba. Ka sa rana da sunan wurin. Kada ka cire zobe daga ƙafar mai rai. Duk wannan bai fi minti biyu ba, kuma tsuntsun da ya ƙetare Sahara minti biyu ba za su kashe shi ba.

Da Kawu ya ga na kwana biyu ina ɓacin rai, sai ya ce ai a da sukan samu irin waɗannan zobba, su ba yara mata su sa a yatsa. Ya kai ni wajen wani dattijo abokinsa, wanda ya zazzage wani tsohon gwangwani ya fito da guda ɗaya. Lambarsa cikakkiya, ba ta goge ba. Na tambaye shi, "Baba, wace shekara ce, kuma wane irin tsuntsu ne?" Ya yi shiru, ya ce shi dai ya san a lokacin bai aurar da 'yarsa ta fari ba. Na kwafe lambar sau uku a littafina, na sa Kawu ya riƙe zoben ina karanta masa, sannan na aika. Ina jiran amsa.