Mako Uku Daga Ranar da Takarda Ta Isa

Shekara 11 ke nan ina sauke albasar Aliero da busasshen barkono a kasuwar Mile 12 da ke Legas, ina kai wa otal-otal da masu sarrafa abinci a Ikeja. Mu bakwai ne har da direba. Kusan duk cinikinmu bashi ne: ka kai kaya yau, a ce ka dawo ƙarshen wata.

Bara wani kamfani ya riƙe mini kuɗin kaya mota biyu har wata takwas. Na yi waya, na tura saƙon WhatsApp, na sa dattawan Agege sun sa baki, kullum sai a ce manaja ya yi tafiya. Su kuwa manoman da suka ba ni amana a gida ba su san wani manaja ba, ni suka sani. Wannan ne ya hana ni barci.

Da na je wurin lauya, sai ta ce, "Alhaji, duk wayar nan da ka yi, doka ba ta fara ƙirga maka ko kwana ɗaya ba." Ta buɗe mini dokar kamfanoni ta CAMA, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2020, sashe na 572. Mai bin bashi zai rubuta takardar neman biya, ya sa hannu, a ajiye ta a ofishin kamfanin mai rajista ko hedikwatarsa. Idan mako uku ya cika ba su biya ba, ba su ba da jingina ba, ba su kuma daidaita da kai ba, doka na ɗaukar cewa sun gaza biyan bashi. Daga nan kana iya zuwa Babbar Kotun Tarayya a Ikoyi ka nemi a rushe kamfanin. Tsohuwar doka daga bashin da ya haura naira 2,000 take farawa, ta 2020 ta ɗaga zuwa 200,000.

Gaggawa ta sa na yi kuskure. Na ba yarona takardar ya kai sito inda muke sauke kaya, alhali adireshin da ke rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, daban ne. Kwana 12 suka tafi a banza, muka sake sabon lissafi.

Na tambaye ta, "Barista, in sun ce ba su yarda da adadin ba fa?" Ta ce in musun na gaskiya ne, kotu ba za ta rushe kamfani a kansa ba, sai dai ƙarar bashi ta yau da kullum, ita ma a Legas cikin shekara 6 ake shigar da ita. Abin da ya cece ni takardun karɓar kaya ne masu hatiminsu, waɗanda da can nake jin kunyar nema.

A kwana na 19 suka kira ni. Suka biya rabi, muka rubuta yarjejeniyar sauran wata uku. A daren na tura kuɗin mutanen Aliero.