Wata Nawa Zan Yi Kafin Bakina Ya Buɗe?

Duk wanda ya ji cewa da girmana na koyi Faransanci, har ina cin abinci da shi, tambayar da yake fara jefo mini ita ce: wata nawa ka yi? So yake in ce masa shida, ko shekara guda, ya je ya kama lissafi. Ni kuwa sai in yi jim, domin wata da shekara ba sa auna komai a wannan harka. Mutum biyu za su ce maka kowannensu ya shekara uku yana koyo, alhali ɗaya ya zauna da harshen awa dubu, ɗayan ko ɗari biyu bai cika ba. Awa ake ƙirgawa, kuma awar da aka yi da hankali a jiki.

Waɗanda suka fi kowa riƙe wannan lissafi su ne Amurkawa masu horar da jami'an diflomasiyya. Ma'aikatar harkokin wajensu tana da makaranta, Foreign Service Institute, da aka kafa a 1947, kuma daga abin da ta gani a kan ɗalibanta ta kasa harsuna gida-gida. Faransanci, Sifaniyanci, Italiyanci da makamantansu, mako 24 zuwa 30, wato awa 600 zuwa 750 a cikin aji. Jamusanci da Suwahili, kimanin awa 900. Rashanci, Turkanci da Hindi, 1,100. Larabci, Sinanci, Japananci da Koriyanci kuwa, mako 88, awa 2,200. Mutane suna yawan yawo da waɗannan alƙaluma, amma ba kasafai suke faɗin su waye ɗaliban ba. Manya ne da aka zaɓo, ajinsu ɗan mitsitsi, ba su da wani aiki sai karatun, albashinsu yana tafiya, kuma bayan an tashi aji akwai wasu awoyi na aikin gida da ba a sa cikin lissafin ba.

To, ɗauki mafi sauƙin, awa 600, ka raba shi a kan rayuwar mai aiki. In kana zuwa darasi sau biyu a mako, awa ɗaya da rabi kowane zama, sai ka kusa shekara huɗu kafin ka cike. In manhajar waya ce kake latsawa minti 15 kullum, awa 91 ke nan a shekara, ka ga ka haura shekara shida. Awa guda kullum ba fashi, wata ashirin. Larabci a kan awa guda kullum, shekara shida. Yawancin masu cewa "ni kaina ba ya ɗaukar yare" ba su taɓa yin wannan ɗan lissafi ba. Da sun yi, da sun ga cewa ko rubu'in tafiyar ba su yi ba suka yanke wa kansu hukunci.

Wani abu kuma, daga Ingilishi aka auna wannan nisa. Wanda ya tashi da Sifaniyanci zai tsallaka zuwa harshen Fotugal cikin ɗan lokaci. Ɗan Koriya ba zai sha wahalar da Ba'amurke ke sha a Japananci ba, don jerin jimlarsu kusan ɗaya ne. Mai jin Hausa ma ba baƙo ba ne ga harshen da ke raba suna namiji da mace, abin da ke ba masu Ingilishi ciwon kai a Faransanci da Larabci.

Sai dai abin da aiki ya fi koya mini shi ne, "iya yare" ba abu ɗaya ba ne. Majalisar Turai ta fitar da wani ma'auni a 2001 na iya yare mai hawa shida, daga A1 na ɗan koyo, sai A2, B1, B2, C1, zuwa C2 na gwani, kuma hukumar jarrabawar Ingilishi ta Cambridge tana ƙiyasta darasi na awa 350 zuwa 400 kafin B1, 500 zuwa 600 kafin B2, 1,000 zuwa 1,200 kafin C2. Amma mutum ɗaya yakan kasance a hawa daban-daban lokaci guda. Na daɗe ina karanta rahoto mai shafi da yawa in fitar da bayaninsa, tun kafin in iya riƙe hirar minti biyar a kan abin da ba na ofis ba. Na kuma yi aiki da wanda bakinsa ke zuba kamar ruwa, barkwanci har da kwaikwayon muryar mutane, amma a ba shi wasiƙa mai layi goma ya rubuta sai ya kama zufa. Jim Cummins, wani masani a Kanada, ya lura da irin wannan a kan yaran baƙin haure da ke makarantun Toronto: cikin shekara biyu ko kusa da haka suna hira da 'yan ajinsu lafiya lau, amma harshen karatu da rubutu sai sun shekara biyar zuwa bakwai kafin su kamo tsararsu. Yara ke nan, masu wuni cikin harshen. Saboda haka masu tallan "ƙware cikin wata uku" ba ƙarya zalla suke yi ba. A wata uku za ka gaisa, ka tambayi hanya, ka faɗi sunanka da sana'arka. Wayonsu shi ne sun bar ka ka ɗauka wannan ita ce ƙwarewar da kake nufi.

Inda aka fi zubar da mutane shi ne tsakiyar hanya, kuma dalilin yana cikin yadda kalmomi suke. A kowane harshe, kalmomi ƙalilan ne ke ɗauke da yawancin magana. A Ingilishi, kalmomi 2,000 da aka fi amfani da su, tare da rassansu, suna rufe wajen kashi 80 cikin 100 na rubutu. Shi ya sa farkon koyo yake da daɗi: kalmar da ka koya da safe za ka haɗu da ita sau goma kafin dare. Amma kashi 80 na nufin kalma ɗaya cikin biyar baƙuwa ce, biyu a kowane layi, kuma galibi su ne masu ɗauke da ma'anar. Paul Nation na jami'ar Victoria da ke Wellington ya nuna a 2006 cewa kafin mutum ya karanta jarida ko littafin labari ba tare da ƙamus ba, sai ya san kashi 98, wato kalmomi 8,000 zuwa 9,000. Don sauraron magana, 6,000 zuwa 7,000. Ka ga dubu biyun farko sun ba ka kashi 80, sauran dubu shida ko bakwai kuwa kashi 18 kacal za su ƙara maka. Kalmar da ka haddace yau mai yiwuwa sai bayan wata biyu ka sake ganin ta, a lokacin ta gudu. Hermann Ebbinghaus ya auna wannan gudu tun 1885: mafi yawan mantuwa tana faruwa ne a sa'o'i da kwanakin farko, in ba a yi bita ba.

A wannan zango mutum yana ci gaba, shi ne dai ba ya gani. Nan na daina dogara da darasi na koma karatu mai yawa, na abin da ya ɗan fi ƙarfina kaɗan kawai, da sauraron rediyo ko na gane ko ban gane ba. Aji ba shi da isasshen lokacin da zai haɗa ka da kalma ta dubu shida sau goma. Littafi da kunne ne kaɗai za su iya.

Kunnen shi ya fi jinkiri. Wani bincike da aka buga a 2009 a kan harsuna goma ya gano cewa tsakanin mai tambaya ya rufe baki da mai amsa ya buɗe nasa, kimanin kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ne. Babu yadda za a yi ka fassara a zuci cikin wannan ɗan tsakani. Masu harshe tun kafin ka gama sun hango inda za ka sauka, sun shirya amsa. A taron ofis nakan gina jimlata tsaf, in daidaita aikatau, in ɗaga kai zan yi magana, sai in tarar an wuce batun da zance biyu. A yi dariya, tawa ta zo a makare. Waya ta fi muni, don babu fuska babu hannu. Bafaranshe in zai ce 97, "huɗu-ashirin-goma-bakwai" yake cewa, wato ashirin sau huɗu da goma sha bakwai, kuma lambar waya bibbiyu suke karanta ta. Kana jin "huɗu" ka rubuta 4, sai "ashirin" ta biyo baya ka soke ka sa 8, kafin ka ankara 9 ce, shi kuwa mai maganar ya kai ƙarshen lambar yana jiran ka maimaita masa. Nahawu ba ya maganin wannan. Maimaici ne kawai, har hannu ya riƙa rubutawa kafin kai ya gama tunani.

Batun shekaru kuma, an fi ƙarfafa shi fiye da kima. Joshua Hartshorne da abokan aikinsa sun fitar da bincike a 2018 daga amsoshin kusan mutum 670,000 da suka yi wani gwajin nahawun Ingilishi ta intanet. Sun ga cewa kaifin koyon nahawu yana nan har wajen shekara 17, kuma wanda ke son ya zama ba a bambanta shi da ɗan asali gara ya fara kafin shekara 10. Abin da ya fi ba ni sha'awa a ciki shi ne, su kansu 'yan asalin sai wajen shekara 30 nahawunsu yake gama nuna. Babba ya fi yaro saurin kama ƙa'ida a farko, ya san yadda ake karatu, ya san abin da yake nema. Inda yaro ya yi masa fintinkau shi ne lafazi. Na ga mutanen da suka shekara ashirin suna jagorantar taro, suna rubuta yarjejeniya, suna faɗa da sulhu cikin harshen da ba nasu ba, kuma da sun ce "barka da safiya" ka san daga nahiyar da suka fito. Ban ga wanda wannan ya hana shi aiki ba, shi ya sa ɗan lokacin da nake da shi ban ɓata shi wajen goge lafazi, na fi zuba shi a kan kalmomin shari'a da na kuɗi, waɗanda har yanzu sukan tsayar da ni a tsakiyar shafi.